Alamar Tambaya a Tsakiyar Suna

Asabar, da hantsi

Kwamfutata ta mutu. Wuta ce ta dawo jiya da ƙarfinta bayan ta daɗe ba ta leƙo unguwarmu ba. Na ji ƙauri, na tarar caja ta narke ta tafi da abin da ke ciki. Dogo mai gyara a bakin tasha ya buɗe ta, ya shinshina, ya mayar da murfin ya ce in yi haƙuri. Ban tsaya jin sauran ba.

Ban damu can ba, don aikin yana cikin filas, ɗan abin ajiyar da ake soka wa kwamfuta. Aikinmu ne na gama makaranta, ni da Ruƙayya: manhaja mai ajiye irin gero da dawa na ƙasar nan, kowane iri da hotonsa da muryar manomin da ya san shi, yana faɗin lokacin shuka da irin ƙasar da yake so. Ni na rubuta abin da ake gani a allo. Ita ta gina rumbun bayanan, ita kuma ta bi gonaki ta ɗauko muryoyin. 'Yar Birnin Tsaba ce, duk tsohon da ta durƙusa gabansa sai ya yi magana.

Tata kwamfutar tana ƙarƙashin gado, inda ta tura ta ranar da za ta tafi gida. Ba a bin hanyar Zurmi da kwamfuta a jaka, kowa ya san wannan. Ta ce kwana biyu za ta yi, ta ɗauko muryar da ta rage ta dawo. Har yau ba ta dawo ba. Na san kalmar sirrinta. Na jawo jakar, na karkaɗe, na buɗe.

Ba zan rubuta komai a kan hanyar Zurmi a littafin nan ba. Na aiki ne.

Lahadi, bayan La'asar

Na juye aikin daga filas, na danna maɓallin tashi. Ta yi tunani, ta yi tunani, sai ta watso min jan rubutu. Wai ba ta ga wasu ƙananan kayan da manhajar ke jingina da su ba. Da gaskiyarta, a tawa suke, sun ƙone tare da ita. A da wannan abin ɗan lokaci ne, ka hau intanet ka sauko da su. To, tun da aka ɗauke sabis a garin nan wayoyinmu sun koma tocila. Na saba in kwafi jan rubutu in liƙa a wurin bincike, in tarar wani bawan Allah a wata ƙasa ya riga ya sha irin wahalar ya rubuta magani. Yanzu daga ni sai kaina. Ba laifi, yanzu ne za a san wanda ya yi karatu da wanda ya yi ɗumamar benci.

Inna ta leƙo ta gan ni da kwamfutar a cinya, ta gane ta wa ce. Ta koma aikinta. Tun da Ruƙayya ta zo karatu Kaura a ɗakina take, Inna kuma ba ta taɓa kiranta baƙuwa ba.

Litinin, da Azahar

Malam Abdulrashid, mai duba aikinmu, ya kira ni ofis. Ya daɗe yana gyara takardun da ba su baci ba kafin ya fara.

Baƙon malamin da zai gwada ayyuka zai zo ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Malam ya ce in manhajar ta tashi a gabansa, aka ga rumbun da Ruƙayya ta gina yana aiki, shi zai tsaya tsayin daka sunanta ya wuce tare da nawa, tambayoyin baka kuma a ajiye mata. In ba ta tashi ba, babu abin nunawa, aikin sai baɗi.

"Nafisa, ba ni son ki yi asarar shekara," in ji shi. "Rukunin su Abbati akwai wuri. In kina so yau ɗin nan sai in mayar da ke can."

"In na koma can, wannan fa, Malam?"

"Sai a rufe shi."

"Da shekararta ke nan."

Ya koma kan takardunsa. Na ce masa, "Malam, za ta tashi." Ya ce wace? Na ce manhajar mana. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce Allah ya sa, amma ƙofa a buɗe take in na sake shawara.

Ba zan sake ba. Ni ce fa na tayar da injunan ɗakin gwaji shekarar da kowa ya ce sun gama yawo.

Talata, da yamma

Abbati yana da kayan a kwamfutarsa. Ɗan ajinmu ne, ɗan Shinkafi, rabonsa da gida tun kafin damina ta yi nisa, shi ma ba ya zancen. Maganinsa ga kowace cuta guda ne, fomat, wato a share duk abin da ke kan inji. In mutum ya ce masa kansa na ciwo, ina jin zai ce a yi masa fomat.

Ya juye min kayan, ya ƙara da nasiha kyauta. "Ke dai wanke ta tas ki fara daga farko, mi za ki tsaya kina lalube?"

Na ce ba tawa ba ce da zan wanke. Ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

Laraba, da safe

Jan rubutun jiya ya tafi, wani ya zo. Ci gaba ne. Duk ranar da kuskure ya sake kaya, na san na matsa.

Wannan yana cewa harshen da muka rubuta manhajar da shi, wanda ke kan injin Ruƙayya tsohon yayi ne, kayan Abbati kuma na sabo. Haka take, ba ta sabunta komai sai ya ciji hannunta. Na sha faɗa mata. Sai ta ce abin da ke aiki a ƙyale shi ya yi aikinsa.

Na koma wurin Abbati na karɓo sabon, na ɗora shi gefe, ban cire tsohon ba. In ta dawo ta tarar na taɓa mata tsari, ba zan sha ruwa a gidan nan ba.

Alhamis, bayan Azahar

Babu wuta, batir ya ƙare. Na kai caji wurin Dogo, yana da sola. Na zauna a benci ina gadin ta kamar mai jinya.

Juma'a, da hantsi

Inna har yanzu da rabon mutum uku take auna tsaba. Jiya na ce mata tuwo yana kwana. Ta ce ɗumame ai abinci ne.

Asabar, da La'asar

Yau na ci nasara ɗaya mai daɗi. Sabar, wato ɓangaren da ke miƙo shafuka, ta ƙi tashi, wai ƙofar da za ta fita wani ya riga ya zauna a bakinta. Kowace manhaja da lambar ƙofarta, biyu ba sa bin ɗaya. Na buɗe baƙin allo, inda ake rubuta wa inji umarni da hannu, na tambaye shi wa ke riƙe da ita. Ashe wani tsohon aikin aji ne na Ruƙayya, tun na shekarar farko, ɗan shafin da ke gaishe da mutum da sunansa. Ta saita shi yana tashi da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfutar, ta manta da shi. Shekara da shekaru yana zaune yana jiran wanda zai gaisar.

Layi ɗaya zan rubuta in kashe shi. Na rubuta layin, na dube shi, na goge. Na je na canza lambar tamu ƙofar. Ai ƙofofi ba su ƙare ba.

Shafin farko ya buɗe, da zangarniyar geron da na zana da hannuna. Na kira Inna ta gani. Ta ce to ina maganar tsofaffin? Na ce suna cikin rumbu, gobe zan buɗe shi.

Lahadi, da yamma

Rumbun ya ƙi.

Litinin, da yamma

Rumbun ya ƙi. Fitilarsa takan yi kore, in fara murna, kafin in sauke numfashi ta koma ja. Shafuka na buɗewa amma fayau, ba hoto ba murya. Duk abin da nawa ne yana aiki. Nata ne ya yi shiru.

Na duba agogon injin ko ya koma baya, daidai yake. Na kashe mai gadin ƙwayoyin cuta ko shi ke tare hanya, ba shi ba ne. Na tayar da rumbun da izinin mai gida, ko gezau. Na cire shi na sake ɗorawa daga na Abbati, kore, ja.

Ba komai. Na rage masa wuraren ɓuya ne. Za ta tashi.

Talata, bayan Azahar

A makaranta wasu sun fara yi min magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da ake yi wa mai zaman makoki. Wata 'yar ajinmu ta kama hannuna ta ce sai haƙuri. Na zare hannuna na ce haƙurin me, rumbun bayanai ne kawai ya ƙi tashi. Na san abin da take nufi, ita ma ta san na sani. Haushi ya hana ni cin abincin rana.

Malam Abdulrashid ya tare ni a baranda. Bai tambaya ba, gira kawai ya ɗaga. Na ce saura kaɗan.

Laraba, da hantsi

Kore, ja.

Alhamis, bayan La'asar

Baban Ruƙayya ya zo. Malam Zakariyya. Na san shi da jiki, yau rigar ta yi masa yawa. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kai ruwa na durƙusa na gaishe shi.

"Lahiya lau, ɗiyata," ya ce. "Mun gode Allah. Saƙo yaz zo. Wani mutumen Ɗan Isa da yad dawo ya gan ta. Tana tsaye da ƙahwahunta."

Inna ta juya fuska bango tana hamdala. Ni kofin kawai na riƙe da kyau.

Ya sha ruwan, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Suna haɗa abin da za su iya na kuɗin fansa. Shanun huɗa sun tafi kasuwa. An ce masa na'urar karatunta tana da daraja, akwai mai shagon waya a kasuwa da zai karɓa.

Na ce, "Baba, yaushe ake bukata?"

"Juma'a ta sama za a kai."

Na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce aikinta na makaranta yana ciki, ranar Alhamis za a gwada, in ya tashi shekararta ta tsira. Na ce in riƙe ta zai jinkirta komai ko da na wuni ɗaya ne, ya ɗauka yanzu, ga ta nan. Da gaske nake, har na miƙe zan ɗauko.

Ya ce in zauna. "In ba ta hana komi, riƙe ta har Alhamis ɗin. Ina gidan ƙanena nan bayan tasha, ba ni komawa sai an gama. Mi al lalace cikinta?"

Na ce rumbu ne ya ƙi buɗewa.

"Rumbu? Cikin abin ga?" Ya dubi Inna. Sai ga shi ya yi 'yar dariya, ta farko, ina jin, tun da abin ya faru. "To, in ya ƙi ta ƙohwa, mu ta sama muka shiga."

Bayan ya tafi na shiga ɗaki na rufe. Tana tsaye da ƙafafunta. Na maimaita shi har ya daina zama magana.

Juma'a, da safe

Yanzu ba gwaji kaɗai ke jirana ranar Alhamis ba. Daga ranar kwamfutar ma ba za ta kwana a gidan nan ba, kuma babu wata. Abbati ya ce in zo mu gwada a tasa, mun gwada, tasa ta cika da nasu aikin har tana nishi, kuma lokaci guda za a kira rukunoninmu a ɗakuna daban. Ya sake cewa fomat. Na ce in ya ƙara faɗa zan yi masa a ka.

Asabar, da Azahar

Ina jin tsoro. Na rubuta, ya fita, shi ke nan. A koma aiki.

Lahadi, bayan Azahar

Na gano shi.

Duk kwanakin nan da maɓalli nake tayar da rumbun, maɓallin kuma abin da ya iya faɗa kawai shi ne ya ƙi. Yau na bar shi, na shiga ta baƙin allo na kira rumbun da hannu, don ya faɗi damuwarsa da bakinsa. Ya zubo rubutu ya cika allo. Da can layin ƙarshe nake karantawa in yi tsaki. Yau na sa yatsa na bi daga sama, layi bayan layi, kamar mai koyon baƙi.

A tsakiya yana cewa ya je ajiye wani ɗan fayil na wucin gadi, bai sami wurin ba. Ya rubuta hanyar da ya bi. Hanyar tana ratsawa ta foldar mai kwamfutar, foldar kuma sunan mai ita take ɗauka. Ga yadda ya rubuta shi:

Ru?ayya

Na daɗe ina kallo.

Ƙ ce. Mai ƙugiya. Rumbun nan tsohon gini ne, waɗanda suka yi shi ba su san da harafin ba. Yana isowa kansa sai ya rikice, ya sa alamar tambaya, ya nemi folda mai wannan suna ya rasa, ya koma ya kwanta. A tawa kwamfutar bai taɓa yi ba, don Nafisa ba ta da ƙugiya ko ɗaya. Kullum a tawa muke tayar da aikin, ita rubutu kawai take yi a tata ta miƙo min.

Wa zai sa ƙugiya a sunan akawun in ba ita ba? Ranar da ta sayi injin nan, kafin ta sa masa komai sai da ta nemo allon rubutun Hausa. Ita ce ta mayar da katin makaranta aka sake bugawa saboda an rubuta mata k miƙaƙƙiya. Ta ce wa mai bugawar, wannan wata ce, ni ban san ta ba. Duk layin muka yi ta dariya, ita ko murmushi.

Na yi dariya yau ma, ni kaɗai a ɗaki. Daga baya abin ya juye ya zama wani abu, har Inna ta shigo ta zauna kusa da ni. Na nuna mata allon. Ba ta karanta boko sosai, amma ta san sunan, ta ga abin da ke tsakiyarsa. Ta ce in rufe haka nan in zo in ci abinci.

Litinin, da hantsi

Na nuna wa Abbati. Ya riƙe kai ya ce shi ko shekara zai yi ba zai duba nan ba. Sannan ya kawo shawara, kuma wannan karon mai kyau ce: in buɗe sabon akawun da suna marar ƙugiya, Nafisa ko ma Rukayya da k, in kwashe aikin can. Kafin a kira Azahar an gama.

Yana da gaskiya, hanyarsa ta fi sauri, ta fi tabbas. Na ce a'a.

"Don mi?"

"Don a ƙarƙashin sunanta za a gwada shi."

"Baƙon ba ya ko ganin sunan folda, Nafisa."

"Ni ina gani."

Ya ce taurin kaina da nata uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce na gode.

Litinin, bayan La'asar

Ga abin da na yi. Na buɗe sabuwar folda can a gindin faifai, inda hanya ba ta bi ta sunan kowa, na sa mata suna wucingadi, baƙaƙe lafiyayyu ba mai lanƙwasa. Na nemo fayil ɗin saitin rumbun, na gaya masa daga yau nan za ka riƙa ajiye tarkacenka. Na tayar. Kore, ja.

Na koma baƙin allo. Ashe wuri biyu yake ajiya, na gyara ɗaya na bar ɗaya. Na gyara na biyun. Na tayar.

Kore.

Na jira. Na je na sha ruwa na dawo. Kore. Na kashe injin gaba ɗaya na kunna, don na san halin abin da ke tashi sau ɗaya ya yi maka gwalo a gaban mutane. Kore.

Na buɗe shafin kaura, dawar ba garin ba. Wani tsoho ya yi gyaran murya ya fara bayani. Na buɗe farfara, na buɗe zango. Duk suna nan, kowa da muryarsa. Inna ta bar tsintsiya ta zo ta tsaya bakin ƙofa.

Na ce za ta tashi, ta kuwa tashi.

Talata, da safe

Shafin maiwa hoto ne kawai, ba murya. Ita ce wadda ta tafi ɗaukowa.

Abbati ya ce a sami kowane dattijo a kasuwar hatsi ya faɗi kalma biyu a cike gurbin. Wannan ma ba laifi ba ne. Da yamma na bi ta bayan tasha na gaishe da Baba, na ce ko shi zai yi, tunda maiwa yake nomawa tun kafin a haife mu.

Ya girgiza kai. "Wurin yayana tat tahi ɗauka, kuma ta ɗauka, shi yag gaya min. Tana cikin wayarta. Bar mata wurinta."

Na bar shi yadda yake.

Laraba, da Azahar

Na tayar na kashe, na tayar na kashe, har Dogo ya ce zan cinye masa rana. Ban taɓa komai ba. Na goge allon da gefen mayafi.

Alhamis, bayan Azahar

Baƙon malamin dattijo ne mai ƙaramar murya, ba ya gaggawa. Malam Abdulrashid na gefensa yana juya biro. Na kunna, na tayar da saba, na tayar da rumbu. Fitilar ta yi kore ta tsaya. Na ji Malam ya ajiye biron.

Baƙon ya tambayi yadda aka tsara rumbun. Na ce ba ni na gina ba, Ruƙayya Zakariyya ce, amma zan faɗi abin da na sani. Na faɗa. Ya tambayi wahalar da ta fi ba ni ciwon kai, na ba shi labarin ƙugiyar. Ya cire tabarau ya yi dariya, ya ce shi ma akwai ɗ a sunan mahaifinsa, bai taɓa ganin ta a takarda ba.

Sannan ya ja injin gabansa ya ce bari ya zaɓa da kansa. Ya saurari farfara har ƙarshe. Ya gangara. Duk shafukan nan, sai yatsansa ya sauka kan maiwa.

Hoto ya fito. Ya jira. Ya duba ko lasifika ce.

"Ina muryar wannan?"

Na ce, "Tana hanya, Malam."

Malam Abdulrashid ya sunkuya ya yi masa magana a kunne. Ba ta yi tsawo ba. Baƙon ya mayar da tabaransa, ya daɗe yana kallon hoton maiwar. Ya ce aikin ya wuce, na mutum biyu. Ya ce tambayoyinta yana riƙe da su, duk ranar da ta iso a aika masa, shi zai zo da kansa.

Na ce na gode.

Alhamis, bayan La'asar

Baba yana zaure lokacin da na dawo. Na gaya masa shekararta ta tsira. Ya ce Alhamdu lillahi, ya shafa fuska, ya ce ita za ta fi kowa jin daɗin wanga labari.

Mai shagon ya ce a kawo injin a wanke, ba komai a ciki. Na riga na kwashe duk abin da ke kai, nata da namu, na raba a filas ɗina da na Abbati. Kafin in fara, na ce Baba ko zai ga rumbun da ya ƙi buɗewa. Ya matso. Na buɗe masa zango, don na san abin da ke farkon wannan. Ba ta yanke shi da kyau ba, na sha ce mata ta gyara.

Kafin tsohon ya fara, ana jin ta. Tana cewa, "Baba, matso kusa kaɗan, iska na kwashe maganar." Tsohon ya ce wani abu, ta yi dariya, sannan bayani ya fara.

Baba bai motsa ba har tsohon ya gama zancen zango.

"Sake."

Na sake. Wannan karon da ta gama dariyar ya ɗaga hannu, na tsayar.

"In anka wanke ta, muryar na tahiya?"

"A'a, Baba. Na kwashe, tana wurina."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Wuri biyu na ajiye."

"To, wanke."

Na shiga inda ake yi. Injin ya nuna min akawun ɗin da zai share, da sunan a rubuce daidai, ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce eh. Ya sake tambaya, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Na ce eh. Muka zauna ni da Baba muna kallon layin yana cika, Inna na tsaye a bayanmu. Da ya gama na naɗe caja, na sa komai a jakarta, na zuge, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya rataya jakar a kafaɗa, ta yi masa wani iri a kan babbar riga. Ya ce Allah ya yi min albarka. Na raka shi bakin ƙofa, na tsaya har ya sha kwanar kasuwa.

Sai da ya ɓace na shigo na ɗauki littafin nan. Ina kewarta. Gobe za a kai.